An Sace Kwamfutar Akantanmu: Ina Makomar Bayanan Kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manaja ne a wani ƙaramin kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Kakuri, Kaduna. An fasa motar akantanmu kusa da tashar Kawo, aka ɗauke kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda da kuɗinsa ya saya amma da ita yake aikin ofis. A cikinta akwai jerin albashi da sunayen abokan cinikinmu da lambobin asusunsu. Ya ce in kwantar da hankalina tunda akwai kalmar sirri a kanta. Shin hakan ya wadatar? Kuma tunda ba kayan kamfani ba ce, akwai alhaki a wuyanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri.

Maganar akantanku ba ta isa ta kwantar da hankali ba. Kalmar sirrin shiga Windows tana tsayar da wanda ya zauna gaban allo ne kawai, amma wanda ya san kan na'ura zai iya kwance murfin ƙasa, ya ciro faifan ajiya, ya jona shi da wata kwamfutar, sai fayilolin su bayyana tamkar an zuba su a tire. Abin da ke hana hakan shi ne a ce an kulle faifan gaba ɗayansa ta yadda abin da ke ciki ba ya karantuwa sai da makulli, wato aikin da BitLocker ke yi a Windows, FileVault kuma a kwamfutocin Apple. Don haka akantan ya shiga asusunsa na Microsoft daga wayarsa ya duba ko an ajiye masa makullin ceto na wannan kwamfutar, wato makullin buɗe kullen BitLocker mai lambobi 48. Idan yana nan, alama ce mai ƙarfi cewa faifan a kulle yake. Idan babu, kuma bai tuna ya taɓa kunna kullen ba, ku ɗauka cewa bayanan sun fita.

Ko ma wanne ne, kada neman kwamfutar ya shagaltar da ku daga rufe ƙofofin da take buɗewa, domin a ganina nan ne haɗarin ya fi girma. Akantoci da yawa suna barin manhajar shiga intanet ta riƙe musu kalmomin sirri, imel kuma a buɗe yake kwana. Yau ɗin nan ya sauya kalmar sirrin imel, tunda ta nan ake sabunta sauran, sannan ya fitar da kwamfutar daga jerin na'urorin da ke haɗe da asusunsa na Google da WhatsApp. Ku kuma ku sanar da bankinku a dakatar da izininsa na shiga asusun kamfani har a ba shi sabo. Umarnin kullewa ko gogewa daga nesa yana da amfani, sai dai ba ya aiki sai na'urar ta hau intanet, kuma gogewar za ta tafi da hotunan iyalinsa, saboda haka da yardarsa za a yi. A kai rahoto ga 'yan sanda tare da lambar da ke jikin kwalinta ko rasit.

Game da alhaki kuwa, e, yana wuyanku. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyin ne a kan wanda ya tattara bayanan mutane yake sarrafa su, ko da na'urar ta wani ce. Ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 da sanin abin da ya faru, matuƙar akwai yiwuwar cutar da masu bayanan, idan haɗarin babba ne kuma su ma a sanar da su. Lambar asusu da suna da lambar waya sun ishi ɗan damfara ya kira mutum da sunan kamfaninku, don haka ku gaya wa abokan cinikinku kada su tura kuɗi zuwa wani sabon asusu ba tare da sun tabbatar daga ofis ba.

Kafin wani ma'aikacin ya sake buɗe fayil ɗin kamfani a kwamfutarsa, ku rubuta yarjejeniya ya sa hannu: a kulle faifan, fayilolin aiki su zauna a ma'ajiyar kamfani ta intanet, kuma ya sanar da ofis ranar da na'urar ta ɓace.