Amsar tambayarka kan baƙi a Maiwurno ta ƙasar Sudan

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun shekaran jiya, network ɗin nan namu ne sai a hankali. Ka ce zuwanka na ƙarshe daga Jidda abu ɗaya ya tsaya maka a rai, wai ka ga an sauke wani baƙo ɗan Katsina a zauren gidanmu ya kwashe wata biyu, kuma da ka tambaye shi yaushe zai wuce sai kakarka ta yi maka faɗa kamar ka yi zagi. Kana so ka san dalili. To ai faɗan nan ni ma an yi min shi ina yaro, kuma asalinsa yana cikin yadda aka kafa garin ne.

Ka san dai Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru, ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu Usmanu, ya ce shi ba zai zauna ƙarƙashinsu ba, ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a suka bar gonakinsu suka bi shi, Fulani da Hausawa da malamai da talakawa, har da mata da goyo. A Burmi aka tare su, can ƙasar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi yaƙin da ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello shi ya ja ragowar mutane suka ci gaba. Shi ake ce wa Mai Wurno, domin can gida duk mai suna Bello ana yi masa wannan laƙabin saboda Sarkin Musulmi Bello da ya zauna a Wurno kuma kabarinsa yana can. Kaga sunan garinmu kenan, sunan mutum ne, Larabawa ne suka mayar da shi Mayirno a bakinsu.

A ƙafa fa suka zo ɗana, a ƙafa da jakuna, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko ƙwadago a samu abin tafiya sannan a tashi. Da suka iso Bahar Azrak, wato reshen kogin Nilu da ke nan Sudan, ba nan suka fara sauka ba, tsallake suka sauka a Shehu Talha, mutanen can suka karɓe su, sai a 1906 aka dawo wannan gaɓar ta yamma, kudu da Sinnar, aka sare daji aka kafa bukkoki. Wallahi duk sanda na tsaya bakin ruwa da la'asar na hango Shehu Talha sai na ce da waɗancan bayin Allah sun ce wa kakanninmu yaushe za ku wuce, da yau ina muke?

Kuma su kansu ba su ɗauka sun iso ba, Makka suka nufa. Kakata har ta rasu tana da wata 'yar jakar fata a rataye a ɗakinta da kuɗin guzuri a ƙulle cikin tsumma, in ka ce mata Inna ai nan ne gida sai ta ce a'a, muna kan hanya. To wanda yake ganin kansa matafiyi ta yaya zai kalli wani matafiyin ya ce masa yaushe za ka tafi.

Da haka garin ya girma. Duk alhajin da ya taso daga Kano ko Barno ko Damagaram a ƙasa ya san akwai garin ɗan Sarkin Musulmi a bakin ruwa, ya sauka a kai shi gaida sarki, a nuna masa masauki, in damina ta riske shi a ba shi gona, kafin ka ankara ya yi aure ya zama ɗan gari. Sai kuma aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925 da noman auduga na Jazira, wannan ya jawo mutane ba kaɗan ba, ana neman hannu ko'ina. Ruwan madatsar yana tarowa har gabanmu, masunta suka samu kifi, in ya janye a yi noman jaruf, wato shukar bakin ruwa, a laka. Daga baya aka shiga harkar lori, yaran garin suka zama direbobi suna kai kaya ko'ina, ga Fillanci ga Hausa ga Larabci duk a kasuwa ɗaya. Wasu ma daga nan suka tashi suka kafa ƙauyuka can kudu a bakin ruwa.

Don haka in ka sake zuwa ka tarar da baƙo a zaure, ka tambaye shi gajiya, ka tambaye shi mutanen gida, ka ɗauko masa buta da shayi, ranar tafiya shi zai faɗa da bakinsa. Shi ɗan Katsinan nan ma ya wuce bayan Sallah, kakarka ta ƙulla masa dabino da garin asida. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ƙafar da sauƙi.