Me ya hana kifin pleco ɗina yin ƙwai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina Kano, ina da kifin nan masu lasar gilashi, pleco, guda uku a tanki mai cin lita 80. Sun haura shekara, suna ci lafiya lau, amma ko alamar ƙwai ban gani ba. Ɗaya daga cikinsu yana da wani gashi tsiri-tsiri a kan hanci. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gashin nan da ka gani albishir ne. Ya nuna naka Ancistrus ne, dangin tarwaɗa daga kogunan Kudancin Amurka, wanda tsawonsa ba ya wuce santimita 15, kuma mai gashin shi ne namiji. Mace ba ta da shi, in ma akwai to 'yan ƙanana ne a gefen baki. Da a ce babban pleco ne, wanda ake sayarwa yana ɗan mitsitsi daga baya ya kai santimita 40, da na ce ka haƙura, domin shi rami yake haƙawa a gaɓar ruwa ya yi ƙwai a ciki.

Ba ka ambaci kogo ba, kuma nan na fi zargi. Kifin nan ba ya zuba ƙwai a fili. Samo masa bututun ƙasa ko guntun fayif mai toshe a gefe ɗaya, tsawon santimita 12 zuwa 15, faɗinsa ya ɗan ɗara jikin namijin kaɗan. Mai faɗi da yawa ba ya so, domin da jikinsa yake tare ƙofa. Sa guda biyu ya zaɓa. Za ka ga ya shige ya share ciki, wutsiya a waje yana kaɗawa. Mace ta shiga ta manna ƙwai masu launin lemo a dunƙule, sau da yawa gomiya-gomiya, ta fice. Daga nan aikin nasa ne: gadi, da fifita ƙwan da fikafikansa don ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, kusan ba ya fitowa cin abinci. Cikin kwana 4 zuwa 7 sukan ƙyanƙyashe, 'ya'yan su ƙara wasu kwanaki suna rayuwa da ƙwaiduwar da ke manne a cikinsu. Don Allah kada ka dame shi da hasken tocila ko ɗaga kogon. In ya firgita yana iya watso ƙwan waje.

Sai zafi. Ya fi son ruwa tsakanin digiri 23 da 27, ruwan tanki kuwa a Kano cikin Afrilu yakan haura 30. Ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, in aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, ƙwai ne ke fara lalacewa. Saboda haka ka jira damina, ka kuma tanadi famfo mai batir. A mahaifarsa ruwan sama ne ke zaburar da shi, sai ka kwaikwaya: kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka zuba wanda ya fi shi sanyi da digiri 2 ko 3. In na famfo ne, a fara kashe sinadarin kulorin da ke cikinsa.

Abinci kuma, gansakukar gilashi ba ta isa. Ba su kokwamba, kabewa da alayyahu da aka ɗan tafasa, da abinci mai nutsewa ƙasa, ka cire ragowa kafin ta ruɓe. Guntun icen da ake sayarwa don tanki ma dole ne, suna kankarar sa. Ka rufe bakin matacin ruwa da soso don kada ya zuƙe 'ya'yan. Duba kuma sauran biyun da kyau: in akwai wani namiji, raba su, faɗan kogo za su yi ta yi a tanki mai lita 80.