Amsa: kasafin kuɗin kakar kala gad da kuɗin shiga na yara

Hajiya, kin ce makarantar 'yarki a Amurka ta ɗora miki haɗa kasafin ƙungiyar masu wasan tuta, wato kala gad, kina neman yadda za ki yanke wa kowane yaro kuɗinsa.

Fara da abin da ba ya sauyawa ko yara goma ne ko talatin: kuɗin mai koyarwa, hayar zauren atisaye, rajistar gasa, da babbar tamfol ɗin da ake shimfiɗawa a ƙasa. Wannan tamfol tana cin kuɗi sosai, ki nemi ta hannu a wurin ƙungiyar da ta gama da ita, a sake mata fenti. Tutoci, bindigogin katako da takubba ma ki nemi na hannu.

Sannan ki yanke shawara tun yanzu: za ku je gasar ƙarshe ta WGI, wato ƙungiyar da ke shirya manyan gasannin kala gad, a Dayton, jihar Ohayo, cikin Afrilu? In za ku, mota da masauki kaɗai na iya rinjayar sauran lissafin.

Idan yara ashirin ne, raba jimlar gida goma sha bakwai. Wallahi sai wani ya janye ana tsaka da kakar wasa. Ki karɓi kuɗin kashi-kashi, kashin farko kafin a ɗinka kayan wasa.