Wane iko 'yan majalisa ke da shi a kan gwamnati?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ana cewa aikin ɗan majalisa bai tsaya ga yin doka ba, har da sa ido a kan gwamnati. To ta yaya zai sa minista ko shugaban ƙasa ya yi bayanin manufofinsa, alhali hukumomi duk suna hannunsu?

Amsa: Barka kadai, Malama. Hukumomi suna hannun gwamnati, amma mabuɗin baitulmali yana hannun majalisa. A tsarin dimokuraɗiyya ba a kashe kuɗin jama'a sai wakilai sun amince da kasafi, kuma manufar da ba a ware mata kuɗi ba, ta mutu tun a takarda. A Amurka, da majalisa da Shugaba Trump suka kasa daidaitawa kan kuɗin katangar iyaka da Meziko, wasu ma'aikatun tarayya sun rufe kwana 35, daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019.

Sai dai a ganina ainihin aikin a kwamitoci ake yin sa, inda idon jama'a bai cika kaiwa ba. Kwamiti yana gayyatar minista ko babban sakatare, ya nemi takardu, ya saurari masana da waɗanda manufar ta shafa, sannan ya wallafa rahoto. Majalisar Birtaniya ta kafa kwamitin binciken asusun gwamnati tun 1861, kuma bisa al'ada ɗan adawa ne ke shugabantarsa, don kada gwamnati ta zama mai binciken kanta. Yana aiki da rahoton babban mai binciken kuɗi, yana tambaya: an ba ku kaza, ina abin da kuka yi da shi? Haka kuma a zaman kwamitin Majalisar Dattawan Amurka na 1973 aka gano ana naɗar maganganu a ofishin Shugaba Nixon, kuma abin da aka ji a maganganun da aka naɗa ne ya kai shi ga murabus a 1974.

Akwai tambayoyin zauren majalisa, irin waɗanda firaministan Birtaniya ke amsawa ranar Laraba. Sukan ja hankali, amma tambayar da aka rubuta aka tilasta wa ma'aikata ta amsa da alƙaluma ta fi su amfani.

Makami na ƙarshe shi ne raba gwamnati da mulki. A tsarin firaminista ana kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa. Da ratar ƙuri'a ɗaya, 311 da 310, gwamnatin James Callaghan, firaministan Birtaniya a lokacin, ta faɗi a 1979. A tsarin shugaban ƙasa tsigewa ce, kuma ana yin ta ne kan babban laifi, ba don manufa ta gaza ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jam'iyya. Idan masu rinjaye 'yan jam'iyyar gwamnati ne, kuma shugabanninsu ke yanke wanda zai sake samun tikiti, da wuya su matsa wa ministansu. Shi ya sa nake ba ki shawara ki duba ko kwamitin da wakilinki ke ciki ya fitar da rahoto, sannan ki ga ko shawarwarinsa sun bayyana a kasafin shekara mai zuwa.