Cinikin biri a sama kake yi, Alhaji

Wani ɗan kasuwa daga Tawa, mai shagon katifu da tabarmin roba, ya aiko da tambaya. A farkon 2024 ya tura wa ɗan yayarsa da ke Yamai jika 600 (jika ɗaya sefa 1,000 ce), ya sayo masa kayan ɗaki na hannu: kujerun falo, gadaje da armuwar ta tufafi. Cikin sati shida kaya suka ƙare, ya haɗa jika 950. Daɗi ya kama shi, ya sake tura jika 900. Yau wata takwas, abin da ya fita saitin kujeru ɗaya ne da gadaje biyu, jika 360 gaba ɗaya. Armuwar ɗaya ta iso a wargaje, biyu suna jingine da bango, ɗayan saitin kujerun wanda ya saya ya dawo da shi bayan kwana uku, teburin cin abinci kuwa ko taya shi ba a yi ba. Yaron yakan ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp, shi kuma ya ce a saya. Yanzu yana neman bashin banki na miliyan 5 don ya yi odar kwantena daga Beljiyam, wai kayan Yamai sun lalace. Ta ina zai fara?

Alhaji, ajiye maganar kwantena tukuna, zan zo kanta. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman abu ɗaya ban gani ba: nawa aka sayi kowace kujera? Ka faɗa mini jika 900 har da kuɗin mota. To, armuwar da ta wargaje, jika 40 ka yi asara ko jika 120? Saitin da ka sayar, riba ka ci ko faɗuwa ka yi kana murna? Ba ka sani ba, kuma ba za ka iya sani ba, domin dunƙulallen kuɗi ka tura, dunƙulallen kaya aka turo maka. Kayan da ba ka taɓa da hannunka ba, a farashin da ba a rubuta maka ba, ta hannun yaron da kake jin nauyin tambayarsa saboda uwarsa yayarka ce. Matsalarka ke nan, kayan Yamai ba su yi maka laifin komai ba.

Ban ce yaron ɓarawo ba ne, ban san shi ba. Amma ka tambayi kanka: me kake biyansa? A wasiƙarka ba ka ambaci ladarsa ba, abin da ya sa nake zaton ba ka yanka masa komai ba, ka bar shi a kan zumunci. Saurayin da zai yi sati yana yawo a kabu-kabu daga Kwara Kano zuwa kasuwar Katako, yana ciniki da dillalai cikin rana, ba zai yi shi a banza ba, kuma bai kamata ba. In ba ka yanka masa lada a fili ba, zai yanka wa kansa a ɓoye, ko dillali ya ɗan saka masa wani abu a aljihu don ya ɗauki kayan da suka daɗe ba su fita ba. Ribarsa tana ƙarewa ranar da kaya suka hau mota. Kai kuwa taka ba ta farawa sai ranar da suka bar shagonka. Ka ga ba abu ɗaya kuke nema ba.

Ko da yaron waliyyi ne, hoto ba ya nuna abin da ake saya a kayan hannu. Ni na koyi wannan da kuɗina. Shekarun baya na sayi saitin kujeru a wani gida, da magariba, mai gidan yana sauri zai tashi, yadin jikinsu fes kamar ba a taɓa zama a kai ba. Na biya ban kifar da ko ɗaya ba. Sati biyu a shago, yaron da ke kwana a ciki ya fara kukan ƙaiƙayi. Da muka yaga ƙyallen ƙasa muka haska da tocila, kuɗin cizo ne danƙam a kowace kusurwa, har sun shiga sababbin katifu huɗu da ke gefe. Kujerun ƙona su na yi a bayan gari, katifun na sayar a rabin kuɗi bayan feshi da shanya. Asarar kuɗin ta wuce a wata uku, amma sunan da aka sa wa shagon ya fi shekara yana bina. Kai da kake sayar da katifa, ka je yau ɗin nan ka kifar da saitin da aka dawo maka da shi. Mutum ba ya mayar da kujera bayan kwana uku don launinta bai yi masa ba. Ka duba ɗinki da lungun katako, ka nemi ɗigo-ɗigon baƙi, ka shinshina. In ka gani, fitar da shi daga shagon kafin la'asar.

Armuwar ɗinka kuwa, ko ban ganta ba zan iya faɗa maka da me aka yi ta. Yawancin irin waɗannan masu sheƙi garin katako ne aka matse da gam, aka lulluɓe da takarda mai zanen itace. A hoto sun fi na jan katako kyau nesa. Amma ƙusa sau ɗaya take kama su, in aka kwance aka sake ɗaurawa ramin ya buɗe, in ruwa ya taɓa ƙasansu su kumbura kamar burodi. Sai ka ɗora irin wannan a babbar mota, ƴan dako su jibga buhuna a kai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ta karya a Tsarnawa, fiye da kilomita 500. Abin mamaki shi ne da biyu suka iso a tsaye. Wanda ya san sana'ar yana duba bayan armuwar da bakin allon da ba a rufe ba, yana ƙwanƙwasawa, yana jijjiga ta ya ji ko tana rawa. Yana duba ƙasa ko akwai garin itace mai laushi, alamar ƙwaro ya huda ciki, yana duba ƙafafu ko gara ta fara. Yana zama a kujera ya tashi, ya ga ko soson zai dawo ko zai bar rami. Ledar nan mai kama da fata, zafin watan Afrilu ɗaya ya ishe ta ta fara ɓarewa. Wanne daga cikin waɗannan WhatsApp zai yi maka?

Za ka ce ai tafiyar farko ma da hoto aka saya, kuma an ci riba. An ci, amma ba dabararka ba ce. Duba lokacin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa sun gama ficewa a Disamba, ofishin jakadancinsu ya rufe a farkon 2024, baƙi da yawa masu aiki da ƙungiyoyi suka tattara. Mai jirgi gobe ba ya tsayawa jayayya a kan tebur. A watannin nan ko yaro ka aika da kuɗi zai dawo da kaya masu kyau a kan araha. Wannan damina ce ta sauka sau ɗaya. Kai sai ka ɗauka rijiya ka haƙa, ka ƙara zurma guga. Abin da ya rage yanzu yana hannun dillalai, sun san darajarsa, kuma mai kyaun ba ya kwana.

Akwai kuma abin da teburin nan yake faɗa maka. Wa ke sayen kayan ɗaki na hannu a Tawa? Babbar mai sayen kayan ɗaki a ƙasar Hausa uwar amarya ce, ita kuwa gara ta ci bashi ta sa kafinta ya yi sabo da a ce a gidan biki an jera wa ƴarta gadon wata. Naka masu saye su ne ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki yana haya, gwauro, ɗalibin jami'a, ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan ko Libiya yana son falo ya yi kyau kafin kuɗi su ƙare. Waɗannan gado suke so, da kujeru, da ƙaramin teburin telebijin. Tebur mai kujera shida a garin da ake cin tuwo a tabarma, wa ka saya wa? Yaron ya ga ya yi kyau a Yamai, kai ka ga ya yi kyau a waya, ba wanda ya tambayi Tawa.

To kwantena. Mutumin da ya kasa sanin farashin kujera a Yamai, inda motar safe za ta kai shi, shi ne zai sayi kaya a Beljiyam da hoto, da kuɗin banki mai ruwa? Ga shi a 2023 iyakar Benin a Gaya ta rufe wa ƴan kasuwa hanyar Kwatano, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, suna jiran ayari da rakiyar soja. Kuɗin mota ya hau, kwanaki sun ƙaru, ga kuɗin duwan, wato kwastan, banki kuma ƙarshen wata yake sani. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, miliyan 5 ɗinka bai kai yuro 8,000 ba. Ba zan taimake ka a kan wannan ba, kuma in wani ya ce zai taimake ka, ka tambaye shi nawa zai samu.

Kayan da ke shago su ne aikin gabanka. Kuɗinka jika 540 suna kwance a ciki, kuma ba duka za su dawo ba, ka haɗiye wannan tun yanzu. Kira kafinta ya ƙara wa armuwar biyun katako a baya da ƙasa, ka sayar da su a duk abin da aka taya mai kama da hankali. Teburin ka raba shi da kujerunsa: kujerun su tafi ɗaya-ɗaya ga masu shago da teloli, teburin ka kai wa mai makaranta ko mai ofis. Ka nemi dillaliya biyu masu shiga gidaje, ka yanka musu la'ada, sun fi ka sanin wace mata ce ke neman armuwar ba ta so a sani. Su ne ma za su kawo maka kayan da ake sayarwa a cikin Tawa kanta, waɗanda za ka gani da idonka ba tare da kuɗin mota ba.

Yaron kuma kada ka kai ƙararsa wajen yayarka, ba ka da takardar da za ka nuna, rigima kawai za ka saya. In za ka sake sayayya, shiga mota da kanka, kwana uku a Yamai bai kai kuɗin armuwar ɗaya ba. Ka tafi da shi, ya ga yadda ake kifar da kujera. Ka buɗe littafi: kowane kaya da layinsa, inda aka saya, nawa, dako nawa, gyara nawa, ranar da ya shigo. Ka yanka masa lada, ko kashi 10 cikin 100 na riba ne, amma sai kaya sun fita a Tawa zai karɓa. In ya yarda, ka samu abokin sana'a. In ya ɓata rai ya ce kawu bai yarda da shi ba, ka ba shi kuɗin sallah kamar yadda ka saba, ka nemi wani.

Ka aiko mini da shafin farko na littafin bayan tafiya biyu, sai mu duba ko armuwar ma tana da riba a wajenka.