Tambaya da Amsa: Wane Littafi Ne Zai Ƙarfafa Mini Gwiwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 31, aurena ya mutu bara, ina riƙe da 'ya'ya uku, kuma karatuna ya tsaya ne a aji uku na sakandare. Tun da na dawo gida ba ni da abokin hira sai waya, inda nake karanta littattafan soyayya har dare ya raba, amma da zarar na gama sai in ji zuciyata ta ƙara nauyi. Wata ƙawata ta ara mini wani littafin Turanci mai koyar da sirrin nasara, na karanta rabi na ajiye, domin bai sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi ba. Don Allah wane irin littafi ne mace irina za ta karanta ta ji ƙarfin tashi tsaye? Daga wata mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa rabuwar ita ce mafi alheri, ya raya miki zuri'a. Kada ki ga laifin kanki don kin ajiye wancan littafi. Yawancin irinsa an rubuta su ne domin mutumin da ba abin da ya tare masa hanya sai kasala, shi ya sa suke cika da cewa ki tashi da asuba, ki yarda da kanki, ki rubuta burinki a takarda. Ke kuwa abin da ke gabanki yara uku ne, da karatun da ya yanke, da bakin mutane. A ganina, abin da yake riƙe mace a irin wannan hali shi ne labarin wata macen da ta shiga matsi irin nata, wanda aka nuna dalla-dalla yadda ta fita, da abin da fitar ta ci mata.

Ki fara da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, tun da Hausa take rubutu, kuma salonta bai yi nisa da littattafan da kika saba da su ba. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana shekara 13, sai daga baya ta koma neman ilimi ta ajin manya, har ta zama marubuciya. A cikin "Wa Zai Auri Jahila?" za ki haɗu da Abu, yarinyar da aka raba da makaranta, saurayin da aka yi musu alkawari ya guje ta saboda ba ta da ilimi, aka aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu daga tushe har ta zama ma'aikaciyar jinya. Shi kuwa "Alhaki Kuykuyo Ne", wanda ya fito a 1990, labarin Rabi ne, wadda mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta kama sana'a ta ciyar da su ta kuma ci gaba da biya musu karatu. Zan gaya miki gaskiya, ƙarshen wannan littafi ba zai yi miki daɗi ba, domin bayan Rabi ta tsaya da ƙafafunta sai aka matsa mata ta koma wa mijin da dukiyarsa ta ƙare. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, marubuciyar ta nuna yadda abin yake faruwa ne, ta bar wa mai karatu ya yi fushin da kansa.

Idan kin gama da waɗannan, ki nemi littafin Mariama Ba, 'yar ƙasar Senegal, wanda ta rubuta da Faransanci a 1979, aka fassara shi zuwa Turanci da sunan "So Long a Letter". Ɗan siriri ne, Turancinsa kuma ba ya fin ƙarfin wanda ya kai aji uku idan yana da ƙamus kusa. Wasiƙa ce doguwa da wata malamar makaranta mai suna Ramatoulaye ta rubuta wa aminiyarta Aissatou a lokacin da take takaba. Mijin da ya rasu ya riga ya juya mata baya tun da ransa, ya auri ƙawar 'yarsu, ya bar ta da 'ya'ya goma sha biyu. Abin da ya sa nake yawan ba mata shawarar karanta shi shi ne, aminan biyu sun fuskanci jarrabawa iri ɗaya amma kowace ta bi tata hanyar. Aissatou ta kwashe 'ya'yanta ta bar gidan, ta duƙufa kan karatu har ta sami aiki a ofishin jakadancin ƙasarta a Amurka, ita kuwa Ramatoulaye ta zauna da igiyar aurenta, ta koyi biyan kuɗin wuta da na ruwa da kanta, ta koyi tuƙa motar da aminiyar tata ta saya mata. Marubuciyar ba ta ce wance ce ta yi daidai ba, kuma babu ɗayarsu da ta zargi 'yar'uwarta. Littafin ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna "Noma Award" a 1980, Mariama Ba kuma ta rasu a shekarar da ta biyo baya.

Akwai kuma wadda bai kamata a yi wannan magana ba a ambace ta ba, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793. Na san idan kika fara zancen komawa makaranta ba za a rasa mai ce miki wannan ra'ayin 'yan boko ne ba, to tarihinta ya ishe ki amsa. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma abin da ya fi burge ni game da ita shi ne yadda ta yi tunanin matan karkara da ba su da halin barin ɗakunansu su zo gabanta. Sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, ake kiran kowace jaji, ta ɗora musu malfa alamar izini, ta koya musu waƙoƙin da ta tsara kan tauhidi da ibada da zaman duniya, su kuma su koma garuruwansu su biya wa sauran mata. Wannan tsari shi ake kira 'Yan Taru. Mahaifinta ma, a cikin littafinsa "Nurul Albab", ya soki malaman da suke karantar da ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Jean Boyd ta rubuta tarihin Nana Asma'u a littafin "The Caliph's Sister" a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a kundi guda a 1997. Kundin yana da nauyi, na masu bincike ne, don haka ki fara da tarihin tukuna.

Daga nesa kuma akwai Wangari Maathai ta Kenya, mace ta farko daga Afirka da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. A littafin tarihin rayuwarta, "Unbowed", ta ba da labarin mutuwar aurenta a gaban kotu da tsare ta da aka yi saboda ta soki hukuncin alƙali, da yadda ta tara matan ƙauye suka riƙa dashen itatuwa tun 1977. Wannan ki bar shi sai Turancinki ya ƙara zama.

Game da littattafan soyayya, ba zan ce ki yi watsi da su ɗungurungum ba, domin su ne suka riƙe miki ɗabi'ar karatu, kuma akwai masu ma'ana a cikinsu. Ki dai lura da wanda duk matsalar tauraruwarsa ba ta warwarewa sai wani attajiri ya bayyana, irin wannan ne yake bar miki nauyin da kika ambata. Ki ware rabin sa'a bayan yara sun kwanta, ki ajiye waya nesa, ki tanadi ɗan littafin rubutu da za ki riƙa sa sababbin kalmomi a ciki. Sannan ki bincika inda ake ajin ilimin manya kusa da ke, ki je ki tambayi sharuɗɗan shiga kafin ki gama labarin Abu.

Tambaya: Ni uba ne, 'yata tana da shekara 14, kuma na lura ta fara sanyi da makaranta. Wane littafi zan saya mata? Daga wani mahaifi.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri da wannan kulawa. Ka nema mata "I Am Malala", labarin Malala Yousafzai ta Pakistan, wadda aka harba a 2012 a hanyarta ta komawa gida daga makaranta saboda ta nace sai 'ya'ya mata sun yi karatu, ta rayu, ta karɓi kyautar Nobel a 2014 tana shekara 17. Akwai bugun da aka sauƙaƙa domin matasa, shi ya fi dacewa da shekarunta. Amma kafin ka miƙa mata, ka zaunar da ita ka ji abin da ya sanyaya mata gwiwa, domin sau da yawa wani darasi ne ya gagare ta ko wata ce take tsangwamarta a aji. Kai ma ka karanta littafin, za ka ga cewa wani babban ɓangare na labarin na mahaifin yarinyar ne, malamin makarantar da ya tsaya mata tun tana cikin zanen goyo.