"Ne" ɗinsu ba irin namu ba ne

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, kuma kana yawan jin "ne" a finafinansu, har kana tunanin ko Turkanci ɗan'uwan Hausa ne, shekarar koyon harshe za ta zo maka da sauƙi. Barka da arziki, amma kada ka saki jiki.

Namu "ne" ƙarshen magana yake zuwa: Audu ne, gida ne, in mace ce kuma mu ce "ce". Nasu tambaya ce, "me?". "Ne kadar?" shi ne nawa ne, "ne zaman?" kuma yaushe. Wannan "zaman" ɗin kam zamaninmu ne, kamar yadda "haber" da labari duk daga Larabci suka zo. Amma "ne" haɗuwar hanya ce kawai. Gaɓa ɗaya ce, baki kuwa sautuka kaɗan yake da su, dole harsuna su yi ta karo a kanta.

Ka tsallaka Girka, maƙwabciyarsu, "ne" ya zama "eh". Ka je Cek ko Sabiya, ya koma "a'a", alhali Girkanci da harsunan nan biyu zuriya ɗaya ce. Mutanen Koriya "eh" suke nufi. Na Japan ya fi burge ni: a ƙarshen jimla suke liƙa shi don neman amincewarka, daidai "ko?" ɗinmu.

Abin da zai amfane ka a Istanbul: in malami ko dattijo ya yi magana ba ka ji ba, kada ka ce masa "Ne?". Kamar ka ce wa mahaifinka "Me?" ne, babu "na'am". "Efendim?" ake cewa. Ni sai da malamarmu ta ɗaga gira sau biyu kafin wani ɗan aji ya ja ni gefe.

Sai tsaki. Makona na farko na tambayi wani mai shago ko yana da layin waya. Ya ɗaga haɓa, ya yi ɗan guntun tsaki, ya ci gaba da shan shayinsa. Na fito raina a ɓace, ina cewa wannan wane irin wulaƙanci ne. Ashe bawan Allah "babu" kawai ya ce mini. Yanzu ni ma haka nake yi, har Hajiya ta yi mini faɗa a waya.